Ciwon ƙirjin Hajiyarmu da maganar allurar ƙwayoyin gado

Maman Sadiq: Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema, musamman daga ma'aikatan lafiyar da ke cikinmu. Hajiyarmu ce, shekarunta 63. Kusan shekara biyu ke nan, in ta fito daga gidanmu na Ƙofar Doka za ta Islamiyya, tafiyar da ba ta kai minti goma ba, sai ta tsaya ta dafa katangar mutane. Ta ce ji take kamar an kifa mata turmi a ƙirji, numfashi ya gajarce, wani lokaci har muƙamuƙi ya riƙe. In ta zauna kaɗan sai ya sake ta, ta miƙe kamar ba ita ba. Da farko olsa aka ce mana a wani kemis, muka yi ta sayen farin ruwan nan har kwalabe suka cika saman firji. Sai watan jiya likitan zuciya ya sa ta taka injin tafiya da wayoyi manne a ƙirji, ya ce jini ne ba ya isar tsokar zuciyarta, ya rubuta magani kala huɗu. Yanzu Yaya Sani ya turo bidiyo daga Abuja, wai a Amurka akwai allurar ƙwayoyin gado da aka yi don mata masu wannan ciwon, sau ɗaya ake yi, zuciya ta tsiro da sababbin jijiyoyi. Har ya fara maganar a sayar da gonar marigayi Baba ta Dakace. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Akwai wannan allurar kuwa?

Anti Lami: Allah sarki Hajiya. Allah ya sa kaffara ne. A riƙa ba ta tafarnuwa da zuma da sassafe, yana wanke jijiya.

Dakta Hauwa: Wa alaikumus salam. Maman Sadiq sannu da jinya. Abu na farko, kada a taɓa gonar nan. Allurar ba ƙirƙira ba ce, an yi bincike a kanta, amma har yau hukumar magunguna ta Amurka ba ta amince da ita ba, ta Turai ma haka. Ko kun sauka can da kuɗin a jaka babu asibitin da zai sayar muku. Wanda kuma ya ce zai yi muku ita a wata ƙasa, wani abu dabam zai ɗura mata. Ina kan aiki, zan dawo bayan la'asar.

Isiya Famasi: Anti Lami, tafarnuwa a miya ba laifi. Abin tsoron shi ne a ajiye maganin likita a koma kanta. Na ga masu yin haka da yawa, ƙarshenta a ranga-ranga ake kai su asibitin koyarwa na Shika.

Anti Lami: Ni ban ce a ajiye ba fa, Isiya. Kai dai ba ka son a ambaci abin da ba a shagonka ake sayarwa ba.

Malam Yusha'u: Kafin Dakta ta dawo bari in share fage, tunda abin da nake koyarwa ne a jami'a a Samaru. Wanda ya taɓa shiga lambu a bakin Galma da rani ya san yadda ban ruwa yake: inji ya zuba a babbar magudana, ruwa ya rarrabu har ya kai kowane fangali. Zuciya tana tura jini ko'ina, amma ita kanta tsoka ce, tana da jijiyoyin da ke shayar da ita. Idan hanya ta ƙuntace, a zaune abin da ke wucewa yana isa. Da an tashi tafiya zuciya ta ƙara sauri, sai fangalin ƙarshe ya ji ƙishi. Wannan ƙishin ne turmin da Hajiya ke faɗa, shi likitoci ke kira anjaina.

Jiki da kansa yakan haƙa 'yar hanya ta gefe idan babba ta toshe, sai dai a hankali, kuma ba kowa ke dacewa ba. Dabarar masu binciken ita ce a zaburar da wannan haƙan. Suka ɗauko ƙwayar cuta daga dangin masu sa mura, adinobairos, suka cire mata abin da take hayayyafa da shi, suka ɗora mata ƙwayar gado guda mai suna FGF-4, wadda aikinta ba da umarnin tsiro da jijiyoyin jini. Ana zura siririn bututu ta jijiya har bakin jijiyoyin zuciya, a saki maganin a wurin. Ƙwayar cutar 'yar aike ce kawai, ta miƙa saƙo, zuciya ta yi 'yan makonni tana aiki da shi, shi ke nan.

Ɗan Kano: Wato a taƙaice mura za a sa wa zuciyar Hajiya. Zage-zagi da boko sai a bar ku.

Malam Yusha'u: Bakano, in an yi maka rigakafin korona na AstraZeneca ko na Johnson lokacin da kake neman bizar Umra, to irin wannan 'yar aiken ce ta shiga damtsenka, ga ka nan kuma kana cin kasuwa.

Ɗan Kano: Raha a gefe, ni maganar gwaji ce ba na so. Mu a Kano muka ga gwajin maganin Trovan a 1996 lokacin sanƙarau. Yara 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba. Sai 2009 aka sasanta da gwamnatin jiha a kan dala miliyan 75. Duk inda na ji an ce sabon magani, wannan nake fara tunawa.

Malam Yusha'u: Ba ka yi laifi ba. Su ma can sun ji jiki. A 1999 wani saurayi ɗan shekara 18, Jesse Gelsinger, ya mutu a gwajin ƙwayoyin gado a jami'ar Fensilbaniya, kuma adinobairos aka yi amfani da ita, an zuba masa mai yawa don wani ciwon gado da ya shafi hanta. Abin ya ja wa fannin baya na shekaru, aka tsaurara dokoki. Amma daga gwajin da aka yi ba bisa ƙa'ida ba zuwa cewa duk gwaji sharri ne, akwai tazara. Maganin hawan jinin da kake sha ma a jikin wasu aka fara gwada shi.

Dakta Hauwa: Na dawo. Malam Yusha'u ya rage min aiki, saura labarin yadda mata suka shigo ciki, don nan ne masu bidiyo ke yanke rabi su bar rabi.

An yi manyan gwaje-gwaje biyu, AGENT-3 a Amurka da AGENT-4 a Turai da wasu ƙasashe, jimilla mutum 532 masu anjaina. Wasu aka ba su maganin, wasu aka ba su allurar da ba komai a ciki, kuma daga likita har majinyaci ba wanda ya san wanne aka ba wa. Ma'aunin shi ne tsawon lokacin da mutum zai iya yi a kan injin tafiya bayan mako 12, irin wanda Hajiya ta taka. A 2004 aka dakatar da gwajin, don lissafi ya nuna ba za a ga bambanci ba. Wato ya faɗi.

Daga baya aka haɗa alƙaluman biyu aka sake dubawa, aka wallafa a 2007. Sai aka ga wani abu. Mazan da aka yi wa allurar banza sun ƙara ƙoƙari sosai a kan injin, har suka kamo waɗanda aka ba magani na gaske. Matan da aka yi wa ta banza kuwa ba su motsa daga inda suke ba, waɗanda aka ba maganin suka ƙara kusan minti ɗaya. Daga nan maganar "yana aiki a mata" ta samo asali. Kamfanin da ke da maganin, a San Diyego, ya buɗe sabon gwaji a 2007 mai suna AWARE, na mata zalla, an tsara kusan 300. Ba a kai ƙarshensa yadda aka tsara ba, saboda haka amsar da aka fita nema ba a dawo da ita ba.

Anti Lami: Tsaya Dakta. Wato maza da aka yi musu allurar ruwa sai suka ce sun warke? Wallahi na yarda. Maigidana in ya ga farar riga kawai zazzaɓinsa ke sauka.

Malam Yusha'u: Dakta, a nan zan ɗan saɓa miki. Kin ce ya faɗi kamar an rufe babin. Duba sakamakon mata ba daga baya aka ƙirƙiro shi ba, yana cikin rukunan da aka ware za a duba. Kuma ba bakin matan kaɗai aka bi ba, alamar ƙarancin jini a ECG, wato zanen bugun zuciya da wayoyin ƙirji ke fitarwa, ma ta jinkirta bayyana, ita kuwa ba ta san kara ba. A ganina rashin kuɗi da wahalar samun masu shiga gwaji ne suka kwantar da abin, ba rashin amfani ba.

Dakta Hauwa: Malam, matan nan ba su kai 100 ba cikin 532, kuma an raba su gida uku, masu maganin kaɗan, masu mai yawa, da na allurar banza. In ka kasa mutane kashi-kashi, maza, mata, tsofaffi, masu tsananin ciwo, ba wuya wani kashi ya fito kamar ya ci riba. Ban ce ƙarya ne ba. Na ce zato ne mai kyau da ke jiran a tabbatar da shi, kuma shekara kusan ashirin yana jira. Kai a aji kake, zato abin sha'awa ne a wurinka. Ni kuwa 'ya'yan majinyaciya ne a gabana suna tambaya ko su sayar da gona.

Malam Yusha'u: Na karɓi wannan. Amma fannin bai mutu ba. A Kuwopiyo ta ƙasar Finlan an gwada wata ƙwayar gadon, VEGF-D, a mutum 30 masu anjainar da ta gagari magani, aka wallafa a 2017, an ga jini ya ƙaru a wurin da aka yi allurar. Akwai ma abin da ya shafe mu kai tsaye: mutanen Afirka da yawa jikinsu ya riga ya san nau'in adinobairos na 5 da aka yi amfani da shi a AGENT, garkuwar jiki na iya tare 'yar aiken tun a ƙofa. Ko an amince da shi gobe, sai an duba yadda zai yi a jikinmu.

Ustaz Nura: Tambayata ta wani ɓangare ce. Wannan bai shiga canza halittar Allah ba? Kuma in mace mai haihuwa ce, abin zai bi 'ya'yanta?

Malam Yusha'u: Ba zai bi ba, Ustaz. Saƙon a tsokar zuciya yake tsayawa, ba ya shiga ƙwan haihuwa, ba ya ma daɗewa. Wanda ake gado shi ne a taɓa ɗan tayi tun farkon halitta, irin abin da wani masani ya yi a Sin a 2018, kuma ɗaurin shekara uku ya sha a kai.

Ustaz Nura: To alhamdu lillahi, in haka ne babin neman magani ne, kuma an umarce mu da shi.

Mama Rifkatu: Sannunku 'ya'yana, tun ɗazu ina karantawa daga Wusasa. Ni abin da ya tsaya min shi ne shekara biyun da aka yi ana ba baiwar Allah maganin olsa. Ana ta maganar Amurka, ga inda aka yi asara nan a gida. Muna 'yan mata a aikin jinya, tun asibitin koyarwa yana Tudun Wada ba a koma Shika ba, zuciyar matan Zariya ta yi suna a duniya. A shekarun 1970 Farfesa Parry da Dakta Davidson suka yi rubutu a kan masu jego da ke zuwa da kumburi da haki, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Wancan ciwo dabam ne, tsokar ce ke raunana, ba jijiya ce ke ƙuntacewa ba. Amma hali ɗaya ne har yau. Mace ta ce ƙirjina, sai a ce gajiya ce, ko tunani, ko kishiya. Namiji ya dafa ƙirji kuwa, kafin ya sauke hannu an tada mota.

Dakta Hauwa: Mama kin gama magana. Ga shi kuma na mata ba kullum yake zuwa yadda aka saba ji ba. Wata haki ne kawai, wata tashin zuciya, wata ciwo tsakanin kafaɗu ko ƙuna a saman ciki, shi ya sa olsa ke shan zargi. Abin da ke bambanta su, olsa da abinci take tafiya, anjaina da motsi. Haɗarin kuma yana ƙaruwa bayan al'ada ta ɗauke, balle in akwai suga ko hawan jini.

Alhaji Sani: Salamu alaikum. Yanzu aka saka ni a zauren nan, na karanta komai. Ni ne yayan da ake magana. Ƙanwata, da kin kira ni kafin ki kawo maganar gida cikin jama'a. An mai da ni kamar mai neman cin gonar marayu, alhali uwata nake gani tana dafa bango. Dakta, da girmamawa, na ji da kunnena an warkar da sikila da irin wannan hanyar. Me ya sa na zuciya zai zama tatsuniya?

Maman Sadiq: Yaya ka yi haƙuri, wallahi ba haka nake nufi ba. Na kira ka sau biyu jiya.

Dakta Hauwa: Ranka ya daɗe, ba wanda ya zarge ka, kowa ya ga niyyarka. Maganar sikila gaskiya ce. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da maganin sikila mai suna Casgevy, kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2. Amma sikila kuskure ne a ƙwayar gado guda ɗaya, an san inda yake. Ciwon Hajiya tarin shekaru ne na hawan jini da kitse da shekarun kansu, babu wuri ɗaya da za a gyara a ce an gama.

In kana da abin kashewa, ga inda zai yi amfani. A koma wurin likitanta a tambaye shi ko tana buƙatar hoton jijiyoyin zuciya. Dalili, mata da yawa masu wannan ciwon in an duba manyan jijiyoyin sai a tarar ba su toshe ba, matsalar tana can cikin ƙanana waɗanda hoto ba ya kamawa. Wani bincike da aka fara a Amurka a 1996, WISE, shi ya fito da wannan fili. Irin waɗannan ba wurin da za a sa musu ƙarfen buɗe jijiya, magani ne nasu. Ko masu toshewar ma, gwajin ISCHEMIA na mutum sama da 5,000 da aka wallafa a 2020 ya nuna in ciwon a zaune yake, garzayawa a buɗe jijiya bai fi shan magani da kyau rage mutuwa ba, sai dai yakan fi rage ciwon ga wanda yake damunsa sosai.

Alhaji Sani: Na ji. Amma ni har yanzu ina ganin a fitar da ita ko don a sake dubawa.

Isiya Famasi: Alhaji kafin a kai ga jirgi, ina da tambaya. Maman Sadiq, magungunan nan huɗu, yaya Hajiya ke shan su? Ki faɗa min tsakani da Allah.

Maman Sadiq: Hmm. Gaskiya na hawan jinin sai ranar da ta ji kanta na sarawa. Na kitsen ta ce ita ba ta da ƙiba, me za a rage. Asfirin tana sha. Ƙaramin nan na ƙarƙashin harshe sau ɗaya ta sa, ya sara mata kai, ta ce ba ta ƙarawa. Ta juye su a 'yar leda ta ƙulle a haɓar zani tare da goronta.

Isiya Famasi: Inna lillahi. To ai Hajiya ba ta fara magani ba tukuna, balle a ce ya gaza. Na hawan jini da na kitse kullum ne, da ciwo da ba ciwo. Kitsen cikin jini ba ruwansa da ƙiba, na sha ganin siriri kamar kara da shi. Na ƙarƙashin harshen kuma, naitirogilisarin, zafi da iska na kashe shi, a 'yar kwalbarsa ake barinsa a rufe gam. Wanda ya kwana a haɓar zani a zafin Zariya ki zubar, a sayi sabo. Ciwon kan alama ce yana buɗe jijiya, yakan ragu in an saba. A zaune za ta sa, kada jiri ya kwashe ta. Goron ma a rage, yana sa zuciya gudu.

Dakta Hauwa: Ƙari a kan na Isiya, kowa a gidan ya san wannan, har yaran. In ciwon ya zo tana zaune ba ta yi komai ba, ko ya tashe ta daga barci, ko ta sa ƙwayar minti biyar bai lafa ba, ko ya zo da zufa mai sanyi da amai, ba a jiran gari ya waye, ba a biyawa kemis. Asibiti kai tsaye.

Maman Sadiq: Tana azumin Litinin da Alhamis, na san za ta ce ƙwayar na karya mata azumi.

Ustaz Nura: Wannan an yi fatawa a kai. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta lissafa ƙwayar da ake sawa ƙarƙashin harshe don ciwon ƙirji cikin abubuwan da ba sa karya azumi, matuƙar ba a haɗiye abin da ya narke ba. Ki ce mata in ji ni. In ta ƙi, zan biyo bayan sallar Juma'a.

Malam Yusha'u: Dakta, ni dai a rubuta, nan da wasu shekaru za mu dawo kan maganar FGF ɗin nan.

Dakta Hauwa: Allah ya kai mu, Malam. Ka zo da gwajin da aka kammala, ni zan fara turo shi zauren nan.

Maman Sadiq: Jama'a na gode, Allah ya saka. Na shiga na karanta wa Hajiya wasu daga ciki. Ashe ba ta ma san da maganar gonar ba. Ta ce a gaya wa Sani masararta ta fara fitar da gemu, wanda ya kai dillali Dakace ita da shi ne. Ta kwance ledar ta ba ni, amma goron ta ce sai dai a rage, ba za a hana ba. Isiya, ƙarfe nawa kake rufewa? Zan aiko Sadiq da takardar likitan.

Isiya Famasi: Tara da rabi. Ya taho da sauran kwalayen duka in ga kwanan watansu.

Alhaji Sani: A ce mata ba mai taɓa masararta. Ranar Asabar ina hanya, a karɓo mana ranar ganin likitan.